Suruki a Bakin Raga

Ni direban bas ɗin 'yan makaranta ne a Doha, kuma duk wanda ya san ni zai gaya maka ba ni da haƙuri. Ban musa ba. Tun daga Lahadi har Alhamis haɗiye fushina nake yi a bayan sitiyari, yara na ihu a bayana, wani mai zungureriyar mota na danna mini ham kamar ni na shimfiɗa titin. Ranar Juma'a bayan la'asar kuwa sai in ɗaura ƙyallen kyaftin a damtse, in fito fili in amayar da duk abin da na tara. A nan babu mai kira na direba. Likita ma in ya ɓarar da ƙwallo sai in ce masa, "Likita, wannan ƙafa ce ko muciya?" kuma ya haɗiye, gobe mu gaisa a masallaci.

Gasarmu ta fara ne a wani fegi can bayan kasuwar kayan gwari ta Abu Hamour, tun gine-gine ba su cinye wurin ba. Duwatsu ne turakun raga. A gefe guda mutanen Indiya da Pakistan na buga tasu ƙwallon ta sanda, in tasu ta faɗo mana mu jefa musu, in tamu ta faɗa musu su yi ta dariyar girmanta. Ƙungiya biyu ce kacal a lokacin. Ga mu 'yan unguwar Fereej Abdel Aziz, masu kwana a gado mai hawa biyu, direbobi da masu gadi da tela guda. Ga kuma 'yan Madinat Khalifa, manya masu iyali, likitoci da injiniyoyi, waɗanda ke zuwa da ruwan sanyi a kula. Ba a ƙirga komai. In an tashi, wanda ya fi baki shi ne ya ci.

Wani likitan yara da ya yi karatu a Amurka shi ya kawo mana fitinar tebur. Ya ce a can ya zauna a wani ɗan mitsitsin gari, kuma irin waɗannan garuruwa kowanne da ƙungiyarsa ta ƙwallon sanda, ana jera su a jarida daga na sama har na ƙasa, tsofaffi su yi ta gardama a kai a wurin aski. Ya ce wasu ƙungiyoyin ma sun mutu tuntuni, ranar da masana'antar garin ta rufe mutane suka watse, amma har yau ana tuna shekarar da suka zo na ɗaya. Muka ce masa, "Likita, ƙungiya ma mutuwa take yi? Sai ka ce akuya." Muka yi ta dariya. Shi ya fara jera mu a waya, ci maki uku, canjaras maki ɗaya, ya riƙa turowa zauren da muke hira bayan kowane wasa.

Kai, ashe abin da muke jira ke nan! Mutumin da ko lambar ɗakinsa mantawa yake yi, sai ga shi yana lissafin bambancin ƙwallaye a tsaye. Nan da nan ƙungiyoyi suka yi ta tsirowa. 'Yan Abu Hamour suka kafa tasu. 'Yan'uwanmu na Zango, mutanen Gana, suka zo da tasu, masu ƙafa kamar taɓarya da Hausa mai daɗin ji. Madinat Khalifa ta tsage biyu yadda unguwar take, Arewa da Kudu, kuma ba komai ya raba su ba sai gardamar wa zai tsare raga. Muka bar fegi muka koma filin wata makaranta mai ciyawar roba da raga ta gaske.

Maganar likita kuma ta tabbata, don mun ga mutuwar ƙungiya da idonmu. Akwai ta wasu masu gadi da ta addabi kowa kakar wasa guda cur, babu mai iya taɓa su. Rana ɗaya kamfaninsu ya kwashe su zuwa wani masauki can bayan gari, inda in ka taso bayan sallar Juma'a sai magariba za ka iso. Shi ke nan. Akwai ta malaman jami'a, wadda ba ta taɓa cin wasa ba amma ba ta taɓa faɗuwa a gardamar doka ba. Su da kansu suka gaji suka koma 'yan kallo, suka ci gaba da gardamar daga kan benci. Ƙasar nan haka take, yau kana tare da mutum, gobe kafil, wato ubangidan da ya kawo shi aiki, ya ce khalas, an gama, jibi ka raka shi filin jirgi.

Mu dai muna nan. Na ga 'yan wasana sun sauya kaf har ban san sau nawa ba, amma sunan na nan a tebur tun ranar farko, kuma rigar ba ta sauya ba. Koriya ce shar, telanmu ya yanko farin ƙyalle ya ɗinka sunan unguwar a bayan kowacce da hannunsa. Haruffan ba su daidaita ba, na ƙarshen ma kamar za su gangara ƙarƙashin hammata. Ni nake wanke su, ni nake shanya su a saman bene, kuma wanda ya kuskura ya goge takalmi da ɗaya zai ji abin da bai taɓa ji ba. Ba ni da gida a ƙasar nan, ba ni da iyali a nan, motar da nake ja ma ba tawa ba ce. Abin da na kafa da hannuna a Doha, wanda zan nuna in ce nawa ne, wannan ƙungiyar ce. Ina son ta, kuma ba na jin nauyin faɗa.

Ana nan sai ga ɗan ƙanwata ya iso. Ya samu aiki a ɗakin gwajin jini na wani asibiti, aiki mai kyau, amma ya ce shi wurin kawunsa zai sauka. Yaro siriri, mai sanyin magana, in yana gaishe ka sai ka karkata kunne. Juma'ar farko na ba shi riga don kawai mu cika. Tabɗi! Ashe zaki na kwantar a ɗakina ban sani ba. Yaron nan in ya karɓi ƙwallo sai ka ga 'yan baya suna tambayar juna ta ina ya bi. Fenariti kuwa bai taɓa ɓararwa ba, kuma kullum wuri guda yake sakawa, ƙasa ta hannun daman mai tsaron raga. Kowa ya sani, har masu sayar da shayi sun sani, amma sanin bai taɓa amfanar kowa ba, don kafin ka faɗi ta wuce.

Wanda ya fi kowa shan wahalarsa shi ne mai tsaron ragar Madinat Khalifa ta Kudu. Wani dattijon injiniya ne a wajen aikin gas, da furfura da ɗan tumbi, kowa Alhaji yake ce masa. Shi ya kafa ta Kudu ranar da aka hana shi raga a tsohuwar ƙungiyar, kuma tun daga ranar babu wanda ya isa ya cire masa safar hannu. Mutum ne mai kirki, duk wanda ya shiga matsalar takarda ƙofarsa yake bugawa, amma a raga yana da kurin tsiya. Akwai ranar da yarona ya zuba masa uku. A ta ukun ya tsaya a gabansa ya taka wata rawa, yana karkaɗa kafaɗa, fili ya ɗauki sowa. Alhaji ya ɗauko ƙwallo daga raga yana cewa, "Yi rawarka, ɗan nema, duniya ce."

Duniya ce kuwa. A walimar babbar Sallah da ake haɗuwa da iyalai, yaron ya hango wata yarinya mai karatun haɗa magunguna, ita ma ta hango shi. Aka yi ta gaisuwa a waya. Sai da abu ya yi nisa ya zo ya durƙusa a gabana ya ce, "Kawu, akwai magana." Na ce 'yar wa? Ya sunkuyar da kai. Na ce, "Kai, 'yar wa?" Da ya faɗa sai da na zauna a bakin gado na yi dariya har da hawaye. Na ce, "Wanda ka yi wa rawa?" Ya ce, "Kawu, don Allah ka bar tuna mini."

Ni na sa babbar riga na je neman auren. Alhaji ya karɓe mu hannu bibbiyu, bai tada maganar rawa ba, sai da za mu tafi ya ce mini a hankali, "Malam, na ba shi. Yaron da ya iya ajiye abu inda ya nufa zai iya riƙe gida." Aka ɗaura aure, aka ci shinkafa, ango ya tare da amaryarsa a Abu Hamour. 'Yan can suka fara zawarcinsa, ya ce shi rigarsa koriya ce. Ranar har kyautar turare na yi masa. Ko kaɗan bai faɗo mini a rai cewa da ƙafata na je na ɗauko wa kaina dala ba gammo ba.

Ka san mu da kunyar suruki. Yaron da ya taso a gidan mutunci ba ya haɗa ido da uban matarsa, ba ya cin abinci a gabansa, ba ya kiran sunansa, in ya hango shi daga nesa takalmi yake cirewa ya durƙusa. Yarona kuma gidanmu ya taso, uwarsa ba ta wasa da wannan. A wasan farko da muka haɗu da ta Kudu bayan biki, ya yanke 'yan baya biyu, ya rage daga shi sai Alhaji. Na riga na ɗaga hannu sama. Sai na ga yaro ya rage gudu, ya rage, ya juya ya mayar wa tela da ƙwallo baya, tela kuma ya aika ta wajen masu shayi. Na ce, "Kai! Me ka gani, aljani?" Ya ce, "Kawu, Baba ne fa." Na ce, "Baba ne a gida! Nan gola ne!"

A farkon wannan kakar ne aka yi taron da ya jawo komai. Mutane sun ragu, wasu kwangilarsu ta ƙare, wasu an sauya musu ranar hutu. Ƙungiya biyar ce a tebur amma kullum sai an yi aron 'yan wasa, har ka ga mutum ya buga wa wannan da la'asar ya buga wa waccan kafin magariba. Aka kawo shawara cewa a ƙarshen kaka duk wadda ta zo ta ƙarshe a rushe ta, a raba mutanenta ga sauran huɗun. Ni na fara ɗaga hannu. Har jawabi na yi, na ce gasa ba gidan marayu ba ce. Lokacin muna na biyu, kuma idona na kan ta Arewa, wadda kyaftin ɗinta ya taɓa ce mini in koma tasha. Hausawa sun ce in za ka gina ramin mugunta gina shi gajere. Ni nawa har da siminti na shafe shi.

Daga nan abubuwa suka fara zamewa. Ɗan bayanmu mafi ƙarfi ya tafi hutu gida ya ƙi dawowa, ya ce ya buɗe shago. Golanmu ya murɗe yatsa a ƙofar mota. Gwiwata ta dama, wadda muka daɗe muna zaman doya da manja da ita, ta ce ita ta gaji. Duk Juma'a bayan magariba likita zai turo tebur, in buɗe in ga mun sauko hawa guda. Na uku. Na huɗu. Ta Arewa da nake yi wa fata sai ga ta ta farfaɗo tana lallasa kowa. Ran nan na buɗe na gan mu a can gindi, mun ɗauki kowa a ka. Na kife wayar a kan katifa, abincin ma ban ci ba.

Da aka zo wasan ƙarshe, lissafin ko yaro ya gane shi. Mu ne na ƙarshe, ta Kudu na samanmu da maki ɗaya tal, kuma da su za mu kara. In mun ci, mun tsira, su a rushe su. In an yi canjaras ko sun ci, mu ne za mu tafi. Wato ko tawa ko ta Alhaji, kuma wuƙar na hannun mijin 'yarsa.

Ranar Alhamis na je har Abu Hamour. Amarya ta kawo mini kunun gyaɗa, ta gaishe ni, ta koma ciki. Na ce wa yaron, "Zauna. Ni ƙanin uwarka ne ko ba ni ba ne?" A gaskiya yayanta ne ni, amma in raina ya ɓaci lissafi kan kuɓuce mini. Ya ce, "Kai ne, Kawu." Na ce, "Wa ya tarbe ka a filin jirgi? Wa ya bar maka gadon ƙasa ya hau na sama da wannan gwiwar? To gobe nake son ladana. Ƙwallo ɗaya. Ban ce ka yi rawa ba." Ya ce, "Kawu, in na ci, ƙungiyar Baba ce za ta mutu. Da wane ido zan shiga gidansa?" Na ce, "Da idon da ba ka kallonsa da shi dama!" Daga cikin ɗaki na ji amarya ta tuntsire da dariya, ta yi maza ta toshe baki. Ya dai ce mini in sha Allahu, irin in sha Allahun da kowa ya san ma'anarta.

Juma'a fili ya cika. Har waɗanda suka daina zuwa sun zo, malaman jami'a sun kama bencinsu, 'yan Zango sun zo da ganga. Na raba riguna da hannuna. Alƙalin wasa, wani ɗan Zango mai aikin lantarki, ya ce yalla, mu fara, ya busa usur.

Yarona ya yi wasa, ba zan ci haƙƙinsa ba. Ya yi gudu, ya raba ƙwallo, ya yi ta ajiye wa mutane a ƙafa kamar mai rabon goron ɗaurin aure. Amma da'irar Alhaji ko da wasa bai taka ba, sai ka ce an zana masa iyaka. Daga irin rabon nasa ne wani mai gadi a cikinmu ya samu ta shiga da ƙauri, shi kansa bai san ya aka yi ba. Muka yi ta tsalle. Kafin a tafi hutu wani likitan ƙashi ya farke musu da ka. A lokacin hutun kuma aka kira mai gadin nan a waya, wai wanda zai karɓe shi aiki bai zo ba, ya cire riga ya ruga neman tasi yana ba ni haƙuri. Ni ma gwiwa ta fitar da ni, na koma bakin layi ina ɗingishi ina zagin iska.

Rana ta yi ƙasa, alƙali ya fara duban agogo, ni kuma na fara karanto duk addu'ar da na sani. Sai ga tela, tela fa, ya kutsa cikin da'ira, wani injiniya ya kwashe masa ƙafa. Usur! Fenariti. Wallahi ban san lokacin da na manta da gwiwa na shiga fili da gudu ba.

Tela ya ɗauki ƙwallo yana kallona. Na ce, "Ajiye! Kai da ko bakin rijiya aka ba ka sai ka kuskure." Na ƙwace na danƙa wa yarona a ƙirji. Ya ce, "Kawu, don girman Allah a ba wani." Na ce, "Babu wani." Ya ce, "Kawu..." Na ce, "In ka ƙara cewa Kawu sai na kira uwarka yanzun nan a gaban mutane." Ya karɓa, ya tafi kamar wanda za a yi wa allura.

Ya ajiye ƙwallo a kan ɗigo. Da ya ɗago ya ga wanda ke tsaye a gabansa, sai jikinsa ya yi abin da ya saba, gwiwa ta lanƙwashe, ya ɗan rusuna ya ce, "Barka da yamma, Baba." Fili ya fashe. Mai ganga ya faɗi ƙasa yana riƙe ciki, alƙali ya cire usur daga baki don kada ya haɗiye. Alhaji bai yi dariya ba. Ya amsa a ciki, ya kawar da kai gefe yana gyara safar hannu, don shi ma babba ba ya zura wa mijin 'yarsa ido. Haka suka tsaya, wannan na kallon ƙasa, wancan na kallon katangar makaranta, rayuwar ƙungiya biyu na tsakaninsu.

Aka busa. Yaro ya taho kansa a sunkuye, ya buga. Ba dama ya buga ba, hagu ya tura ta, a sanyaye, tana gangarawa kusa da turke. Alhaji kuwa tun kafin ƙafa ta taɓa ƙwallo ya riga ya zube ta hagun, da dukan nauyinsa, kamar buhun masara. Ƙwallo ta zo ta daki tumbinsa ta tsaya cak. Ya kwanta yana kallon ta kamar bai taɓa ganin irinta ba. 'Yan Kudu suka yi kansa suna ihu, suka ɗaga shi sama, su huɗu da ƙyar. Ba a jima ba aka tashi wasa.

Na bi 'yan wasana ɗaya bayan ɗaya na karɓi rigunan na cusa a jaka. Yaron ya biyo ni har bakin titi. Ya ce, "Kawu, gaskiya zan faɗa maka. Waje na nufa da ita. Na so ta wuce ta bayan turke kowa ya ce kuskure ne, sai ƙafata ta ƙi." Na ce, "Wato ko ɓararwar ma ba ka iya ba." Na tare tasi na bar shi tsaye. Bayan magariba likita ya turo tebur, ya ja jan layi a ƙarƙashin sunanmu. Na daɗe ina kallon layin nan. Na yi kuka, ni kaɗai a saman bene wajen igiyar shanya, kuma duk wanda ya ce ƙato ba ya kuka a kan ƙwallo bai taɓa wanke rigar ƙungiya ba.

Na yi makonni ba na ɗaga wayar yaron. Ran nan na sauke yara na dawo, sai na tarar da motar Alhaji a ƙofar gidanmu, a wannan lungun namu da ko keke da ƙyar yake juyawa. Ya ce in zo mu sha shayi. Muka zauna a ɗan shagon kan kwana, aka kawo karak, shayin madaran nan mai kauri. Na ce, "Alhaji, barka da arziki. An ce ba a taɓa kamun da ya kai naka ba." Ya ajiye kofi ya ce, "Malam, bar zolaya. Wallahi hanya na ba shi."

Na ce, "Wace hanya?"

Ya ce, "Shekara nawa yaron nan yana saka mini ita a dama? Ko a mafarki na san inda take bi. Na ce a raina, yaro zai ji nauyina, ga kawunsa a tsaye, kada in sa shi tsaka mai wuya. Tawa ƙungiyar in ta mutu, mu dattawa ne, ma koma wa 'yan Arewa mu ba su haƙuri. Sai na bar masa damar gaba ɗaya na faɗi hagu, don in kauce. Ina faɗuwa na ji abu a cikina."

Na dube shi, ya dube ni. Wannan ya kauce don ya bar wa wancan, wancan ya kauce don ya bar wa wannan, suka je suka yi karo a inda babu wanda ya nufa, ni kuma da ban ji kunyar kowa ba aka yanka tawa. Na so in yi fushi, wallahi na nemo shi, amma dariya ta riga shi fitowa. Muka yi ta yi har mai shago ya leƙo. Alhaji ya share ido ya ce in ina so zai tashi a taro ya faɗi gaskiya a sake bugawa. Na ce, "A'a, Alhaji. Ni na ce gasa ba gidan marayu ba ce, kowa ya ji ni. Kuma a sake bugawa su wa? Ku biyun nan? Sai mu kwana a fili."

Aka yi rabon 'yan wasa. Tela ya tafi Abu Hamour, 'yan Zango suka ɗauki golanmu. Alhaji ya roƙi a ba shi surukinsa, aka ba shi, kowa ya huta. Yanzu yaron na gaba, Alhaji na raga, duk wasa baya yake ba shi, kuma ya koma zuba ƙwallaye kamar da. Ni an yi mini tayi har wuri uku, har da ta Arewa, na ce gwiwa. Ba gwiwa ba ce, wata rigar ce ba zan iya sawa ba. Nakan je in zauna a bencin malaman jami'a, in taya su gardama.

Rigunan suka yi ta zama a ƙarƙashin gadona har lokacin hutuna ya zo. Ina haɗa kaya yaron ya zo raka ni, don mun shirya tuni, uwarsa ta sa baki. Ya ga jakar ya ce, "Kawu, da waɗannan za ka tafi?" Na ce to in bar wa wa? Garinmu ɗan ƙarami ne a ƙasar Haɗeja, kuma samarin can ma suna da tasu gasar ta unguwa-unguwa a filin firamare. Na tarar da na unguwarmu suna buga wasa kowa da kalar rigarsa, wani ma da singileti. Na juye musu jakar a gindin dalbejiya. Suka yi ta jujjuya rigunan suna ƙoƙarin karanta bayan, suka ce, "Baba, mene ne wannan?" Na ce sunan wata unguwa ce mai nisa. Suka ce ya yi musu, da shi za su riƙa amsawa.

Bayan na dawo Doha, wata Juma'a ina kan benci ana fafatawa tsakanin Kudu da Zango, sai waya ta yi ƙara. Ɗan maƙwabcinmu ne ya turo hoton allon da suke rubuta teburinsu da alli a jikin shagon mai cajin waya. Na buɗa hoton da yatsu ina bi daga sama. Ban gan mu ba, na ci gaba da sauka. Can a gindi, layin ƙarshe, ga sunan nan an rubuta shi yadda kunne ya ji, Farij Abdul'aziz.

Na kira yaron nan take. Na ce, "Kai, na ga ku ne na ƙarshe. To yanzu me za a yi muku?"

Ya ce, "Me fa, Baba?"

Na ce, "Ba za a rushe ku ba?"

Ya yi dariya ya ce, "Rushewa kuma? A kan me? Ai mu nan muke, ina za mu? Baɗi ma sake bugawa."